Goge a Ƙasar Masu Kiɗan Bulus

Tun ranar da na sauke jakata a tsakar gidan nan bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi min sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Kulu, ya Amurka?" Kamar Amurka wata jinjira ce da na je gani, in ce tana lafiya har ta fara rarrafe. Na ba da labarin a gidan suna, na ba da shi a gidan gaisuwa, kuma kowacce in ta fita sai ta ƙara masa nata gishirin. Shekaranjiya na ji wai an ce na yi rawa da wani Bature. Shi ya sa na aika aka kira min Malama Rabi ta firamare, na ce ta zo da biro. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ba a taɓa gyara min zance ba. Ta rubuta yadda na faɗa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ba kallon gari ya kai ni ba. Saƙo na kai.

Tsofaffin Funtuwa sun san maigidana Malam, Allah ya jiƙansa. Mai goge ne, kuma gado ya yi. Lokacin da auduga take auduga, shi ake kira gona ranar tsinka, shi ake kira ranar kasuwa. In ya ɗora izga a kan tsirkiya ya ja, mai ciwon baya ma sai ya manta ya sunkuya. Da gogen nan ya ciyar da mu, da shi ya sa ɗanmu na fari a makarantar kwana. Shi ne Likita, wanda yake Amurka yanzu.

Wata ranar ziyara Malam ya taso daga gidan biki, bai biyo gida ba, ya wuce makarantar da gogensa a kafaɗa, da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu. Yara suka gani. Daga ranar suka sa wa yaron suna: ɗan maroƙi, 'yan cin bulus. Da ya zo hutu, a gabana, ina tankaɗe, ya dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, don Allah kada ka sake zuwa. Kowa ubansa gumi yake yi, ni an ce nawa bulus yake ci." Malam ya miƙe. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Shekaru suka tafi. Yaro ya zama likita, ya ƙetare. Ban ce bai kula da mu ba, Allah yana gani. Ya gina mana gidan nan, ya kai mu Makka mu biyu. Abu ɗaya ya roƙa, in Malam ya dawo daga hajji ya ajiye goge. Ya ajiye. Shekara goma sha tara gogen yana rataye a ƙusa a ɗakinsa, yana goge masa ƙura da hannun riga. Da ciwon ajali ya kama shi, ya sa na sauko masa da shi, ya ce, "Kulu, ki kai masa. Kada ki aika, kada ki ajiye masa a ƙasa ya ɗauka. Hannu da hannu. In ya karɓa, to babu komai tsakanina da shi." Likita bai samu jana'iza ba, wa zai jira mai tasowa daga bangon duniya? Ya ce zai zo, aiki ya hana, shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Na ce to, tunda dutse ba ya zuwa, ni zan je wurin dutse.

Daga nan zuwa Abuja ba abin faɗa, kun san hanyar, addu'a ce daga tashi har sauka. Na naɗe gogen a cikin zanen saƙina na aure, na rungume. A jirgi wata 'yar aikin jirgi mai jan baki ta zo tana nuna min wani akwati a saman kai, wai in saka shi. Na ce mata da Hausa mai kyau, ba a ɗora wa wannan kaya. Ba ta ji ba, ni ma ban ji nata ba, muka tsaya kallon juna. Sai matar da ke kusa da ni ta sa baki. Hajiya Zali ce, 'yar Maraɗi, tana sayar da atamfa da turare a wani gari can da ake kira Alexandria. Ita ta sasanta mu, aka shimfiɗa mayafina a akwatin, na kwantar da shi da hannuna, aka rufe ba tare da an haɗa shi da jakar kowa ba.

Ta ce, "Mi ke nan kike lallaɓawa haka, Hajiya, zinari?"

Na ce, "Amana ce."

Ta ce, "Wurin wa za ki?"

Na ce ɗana likita ne.

Ta ce, "A'a, uwar lokotoro ce ashe! To ki riƙe ni da kyau, hawan jini gare ni."

Allah ya saka wa matar nan. Ita ta nuna min yadda ake buɗe abincinsu, ɗan kifi a wani kwano kamar na kyanwa, da burodi mai sanyi kamar an tono shi daga randa. A ƙasar Habasha muka sauka muka canja jirgi, a can na gamu da matakalar da ke tafiya da kanta. Na ɗora ƙafa ɗaya, ta tafi da ita ta bar min ɗayar. Ba don Zali ta cafki ƙuguna ba, da labarin nan wani ne zai ba ku shi.

Da muka sauka a Amurka sai ga wani ya turo keken guragu, riƙe da takarda, wai sunana ne a jiki, ɗana ya yi min oda. Na ce ni da na yi ɗawafi da ƙafata, na yi Safa da Marwa ba wanda ya riƙe ni? Na ɗora jakata a keken, na bi shi a baya.

Wurin masu binciken kaya, waɗanda Zali ke kira duwan, a nan na ga abin da ban taɓa gani ba: kare ma'aikacin gwamnati, har da rigarsa. Ya zo ya shinshina jakata ya zauna. Na ce innalillahi, najasa a kan kayan sallata. Ashe zaman nan nasa ƙara ce ya kai. Aka buɗe. Kuka ta wuce, kuɓewa busasshiya ta wuce, daddawa ta sha tambaya ta wuce, kilishin da na sa aka yi wa Likita musamman suka ɗauke, wai nama ba ya shiga. Ban yi musu ba. Sai ma'aikaciyar, baƙa ce kamar ni, ta nuna zanen saƙi.

Na kwance zanen a hankali. Ta sa safar roba ta juya shi, na ce a raina hannu mai safa ba hannu ba ne, wasiyya ba ta karye ba. Ta ƙwanƙwasa ƙwaryar, ta shafa fatar, ta tambayi fatar mece ce. Na ce guza. Zali ta san sunan guza da Faransanci, ba ta san shi da Turanci ba. Ni kuwa da na ga abin zai lalace, sai na baje hannuwa, na zaro harshe, na yi tafiyar guza a gaban hukuma, da furfurata. Matar ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Aka kira babbansu, ya duba, ya sake dubawa, suka yi ta magana. Na ce wa Zali ta gaya musu mai shi ya mutu, ya fi shekara hamsin yana hannunsa, ɗansa zan kai wa. Ban san yadda ta faɗa ba. Na dai ga mutumin ya dube ni, ya tura min abina.

A waje na hango Likita. Furfura ta fito masa a gemu, ban shirya ganin wannan ba. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ya gaishe ni, na kau da kai na amsa, na tambayi iyali. Matarsa Bilkisu ta rungume ni. Ya tattara jakunkuna duka, har ta hannu. Sai idonsa ya faɗa kan zanen. Ya gane, ai siffar goge ba ta ɓuya. Ya ce, "Bilkisu, taimaki Inna da wancan."

Na ce, "Bar shi, ba nauyi."

Unguwarsu Fort Washington sunanta, kusa da wani babban kogi. Gidajen katako ne, in kin taka sama na ƙasa ya ji. Ba katanga, ba zaure, ciyawa kowa ya shuka a ƙofar gida yana yi mata aski duk mako, ba akuya ko ɗaya da za ta ci. Mutum zai wuce ki ya ɗaga hannu ya yi murmushi, shi ke nan an gaisa, ba ina gajiya ba ina iyali. Jikokina biyu suna jin Hausa sarai, amma in na yi musu magana da ita sai su mayar min da Turanci, kamar ka ba da gero a dawo maka da tsakuwa. Kwana uku da zuwa na sa garwashin turaren wuta a ɗakina, sai wani abu a silin ya hau kururuwa kamar an taka wutsiyar aljani. Bilkisu ta shigo da gudu tana kaɗa tawul. Wai gidan ba ya son hayaƙi. Na ce gidan da ba ya son hayaƙi ai ba gida ba ne, ofis ne.

Abinci kam ba laifi, Bilkisu ta iya tuwo, sai dai garin nasu ba ya da ƙamshin ƙasa. Sun kai ni suna a wani gari, Gaithersburg, ni dai Gidan Sabo nake ce masa. Hausawa cike da ɗaki, injiniyoyi da malaman jami'a, ana ta "Sannu Mama, ya hanya?" An yanka rago a wani wuri mai nisa an kawo shi a leda. Suna ba maroƙi, ba mai guɗa, ba wanda ya ɗaga murya ya faɗi asalin jaririn. Aka ci aka watse kamar an tashi daga taron asibiti.

Sau uku ina tarar Likita da maganar. Na farko ya ce, "Inna, ki huta tukuna." Na biyu ya dubi agogo ya ce yana da kol, wato asibiti na iya kiransa. Na uku na fito da gogen falo, na zauna da shi a cinya har ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa ya ce, "Ki ajiye a kan kujerar nan, zan sa a adana."

Na ce, "Ba a ce in ajiye ba."

Ya ce, "Inna, na gaji yau." Ya hau sama.

Makon nan ya yi min tsawo fiye da wata bakwai.

Ranar wata Laraba bayan la'asar ina zaune a bayan gida ina tsinke zogalen da Bilkisu ta shuka a tukunya, sai na ji shi. Na rantse da Allah tsinken ya faɗi daga hannuna. Tsirkiya ce take kuka, ta hau ta yi kamar za ta kai, sai ta zame ta dawo, irin jan nan da Malam yake yi in rana ta karya, masu tsinka sun gaji. Na miƙe na bi sautin ba takalmi. A gidan da ke jikin namu, wani tsoho baƙi dogo yana zaune a barandarsa da jita a cinya. Ya sa wuyan kwalba a ɗan yatsansa, yana goga shi a kan wayoyin. Yana waƙa da wata murya kamar ta wanda ya kwana biyu bai yi magana da kowa ba. Ya faɗi magana, ya maimaita ta, sa'an nan ya kawo ta uku ta rufe. In ya yi shiru, jitar ta amsa masa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san ba labarin daɗi yake bayarwa ba.

Ban san na daɗe a tsaye ba sai da na ji motar Likita. Ya zo ya same ni, ya dubi ƙafafuna, ya dubi tsohon, ya ɗaga masa hannu. Na ce, "Wannan wane irin kiɗa ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kiɗan bulus ke nan, Inna. Shi tsohon ɗan bulus ne, tun yana yaro."

Jama'a, ban san lokacin da na juyo ba. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun yana goye, ranar na dube shi tsakiyar ido. Na ce, "Har yanzu? Wanda ka faɗa wa ya mutu, bai ishe ka ba, sai ka bi tsohon mutane da ita har ƙofar gidansa? Ka ga yatsunsa? Wanda ya ci bulus haka yatsunsa suke?"

Ya buɗe baki ya ce, "Inna, ba haka..."

Na ce, "Rufe min baki. Gumin da ka ce ba a yi ba, shi ka sha ka zama likita."

Na shige ɗaki. Kwana biyu ban sauko ba, na ce wa Bilkisu a nemo min jirgi.

Ran na uku, bayan ya tafi aiki, ta shigo da kunun gyaɗa ta zauna a ƙasa. Yarinyar nan tana da hankali. Ta ce, "Inna, in na yi magana ba za ki yi fushi ba? Ba bulus ɗinmu ba ne. Sunan kiɗan ke nan da Turanci, haka kunne yake jin sa. Asalin kalmar shuɗi ce, kamar bular wanki. Su a wurinsu in zuciya ta ɓaci sai su ce ta yi shuɗi. Kiɗan baƙin ciki ke nan."

Na ce, "Baƙin ciki baƙi ne, ina ruwansa da shuɗi?"

Ta ce, "Haka dai suka ga nasu. Taso in nuna miki wani abu."

Ta kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin gidan, inda ban taɓa shiga ba. Bango guda cike da faya-fayai, irin manyan nan baƙaƙe na da. Ɗaya bangon hotuna ne a gilashi. Wani makaho da baƙin tabarau da jita. Wani da hular malafa, ya rufe ido, ya kafa wani ɗan abin busa a baki. Wata mata ƙatuwa ta buɗe baki kamar za ta haɗiye duniya. Bilkisu ta ce waɗannan su ne manyan masu kiɗan, duk sun mutu. Ta ce Likita ya san tarihin kowannensu, garin da aka haife shi, wanda ya koya masa, wanda ya koya a wurinsa. In ya dawo daga asibiti ran da mara lafiya ya mutu a hannunsa, nan yake shigowa ya rufe ƙofa ya kunna su.

Ta zaci daɗi zan ji. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen bango. Na ce, "Iyayen wasu ne duk ya rataye."

Kunyar abin da na yi masa a gaban maƙwabci ta kama ni, amma abin da ya danne kunyar ya fi ta nauyi. Da zagin ne, da na san inda zan ajiye shi. Ashe kunnen Malam ne da shi, yana ta yawo da shi a ƙasar mutane yana neman abin da ya baro a ƙusa.

Na ce ta raka ni wurin tsohon in ba shi haƙuri, don ya ga ina faɗa ina nuna shi. Na ɗauki gogen, don ban yarda in bar shi ba ko nan da can. Sunan tsohon wani abu ne mai kama da Haral, ni dai Haruna na sa masa, ya kuma amsa. Direban bas ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Da Bilkisu ta fassara masa abin da bulus yake nufi a wurinmu, ya yi dariya har da tari. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Gaya wa Mama ba ta yi kuskure sosai ba. Akwai cin bulus a cikin labarin, sai dai ba mu muka ci ba, mu aka ci."

Ya ce kakanninsa bayi ne, sun noma auduga a kudu ba lada. Da aka ce an 'yanta su, suka ci gaba da noma ta a gonar wani. A cikin gonakin nan kiɗan ya tsiro, ɗaya ya ba da waƙa saura su amsa, don rana ta yi saurin faɗuwa. Na ce wa Bilkisu, "Ce masa auduga na sani, ƙayarta tana nan a yatsuna." Na nuna masa, ya nuna min nasa.

Ya ce daga baya masu kiɗan suka hau jirgin ƙasa suka shiga birane, suka sa wa jitar lantarki don a ji su a cikin hayaniya. Samari farare, har na ƙetaren teku, suka saurara, suka kwaikwaya, suka cika filaye da shi. Ya ce, "Duk abin da jikokinki suke ji a waya, duk abin da ake sakawa a kanti, in kin bi shi a hankali kamar mai bin igiya, sai ya kai ki wurin wani tsoho a baranda. Wasu an tuna da su suna da rai, an ba su girma. Wasu sai da suka mutu aka zo neman kabarinsu." Shi kansa, in ji shi, ya taɓa riƙe wa ɗaya daga cikin manyan masu kiɗan jitarsa a bayan fage, bai wanke hannun ba sai washegari. Uwarsa kuwa har ta mutu tana cewa kiɗan Shaiɗan ne, ba a shigar mata da shi gida.

Na ce, "Mu ma haka. An ce goge na 'yan bori ne."

Ya tambayi abin da ke cikin zanen. Na kwance shi. Tsohon nan ya daɗe yana kallo. Ya ce an sha gaya masa kakan jitarsa yana can ƙasarmu, mai tsirkiya ɗaya, bai taɓa zaton za a kawo shi har barandarsa ba. Ya miƙo hannu biyu. Na janye. Na ce Bilkisu ta ba shi haƙuri, ta gaya masa hannu ɗaya aka ce in saka shi a ciki, kuma mai hannun bai karɓa ba tukuna. Ta faɗa masa, kuma na ga ta ƙara da nata, don maganar ta yi tsawo. Haruna ya mayar da hannuwansa. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, yana fuskantar gogen.

A haka Likita ya same mu. Ban ji tsayawar motarsa ba. Na dai ɗaga kai na gan shi a kan ciyawa da farar rigar aiki a hannu, yana kallon mutumin da yake girmamawa tsaye ba hula a gaban ƙwaryar ubansa. Haruna ya faɗa masa wata magana gajeriya. Na tambayi Bilkisu daga baya, ta ce cewa ya yi, "Likita, shekara nawa muna hira, ba ka taɓa gaya min kai ɗan gida ba ne."

Likita bai zo wurina ranar ba, bai zo washegari ba. Sai ranar tafiyata da hantsi, na gama ɗaure kaya, gogen yana kan cinyata ina tunanin yadda zan koma da shi in kuma fuskanci kabarin Malam. Likita ya yi sallama ya shigo, ya rufe ƙofa. Ya durƙusa a gabana, ya miƙo hannu biyu, kansa a ƙasa.

Na ce, "Bismillahi." Na ɗora masa. Na ce, "Ya ce in ka karɓa, babu komai tsakaninku."

Ya riƙe shi kamar yadda ake riƙe jariri ranar suna. Kafaɗunsa suka fara rawa, na mayar da idona kan taga. Can ya ce, "Inna, akwai kaset ɗinsa a gida? Ko ɗaya. Akwai masu gyara tsohon sauti a nan."

Na ce, "Guda huɗu ne. Ranar da muka dawo daga Makka ya zuba su a murhu. Ya ce alkawari ba a yi masa rabi."

Mutanen da ke ɗakin ƙasa duk an kama muryarsu an adana, ko bayan shekara ɗari wani zai ji ya koya. Nasa uban ko tari bai bari ba.

Ya ce, "To ke fa? Ai kin ji su duka. Yi min ko guda."

Ni ban taɓa waƙa a gaban namiji ba. Kuma Malam ba ya maimaita baiti, kullum sabo yake yi, gwargwadon wanda ke gabansa. Abin da ya zauna min amshi ne, wanda ƙannensa masu kiɗan ƙwarya suke yi, ina ji daga bayan katanga. Na gyara murya na yi masa na waƙar tsinka:

"Auduga fara, hannu baƙi."

Na yi shiru daidai tsawon abin da Malam zai faɗa. Na sake:

"Auduga fara, hannu baƙi."

Na sake yin shiru. Sau huɗu haka. Ɗakin ya cika da wuraren da babu kowa.

Ya ce, "A nan ɗin, me yake cewa?"

Na ce, "Yakan canja. Amma na ƙarshe ba ya canjawa. Sunanka yake kira."

Ya ɗago.

Na ce, "Da baki bai taɓa kiran sa ba, ka sani, ɗan fari ne kai. Sai in ya ɗauki goge. A gona, a kasuwa, ko gidan wa ake biki, da kai yake rufewa. Ya ce yaronsa yana makaranta, hannunsa ba zai yi baƙi ba. Har gori aka yi masa, aka ce maroƙi ba kunya."

Ya ce, "Yaya yake faɗa? Inna, don Allah. Yadda yake ja."

Na san yadda yake ja. Yana cikin kunnena yanzu haka da nake muku magana, yadda yake hawa da harafin tsakiya ya riƙe shi har izga ta ƙare. Na buɗe baki. Shekara hamsin da biyu harshena bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Na ja numfashi, na kai amshin, na zo wurin. Yana durƙushe yana jira, da furfurarsa.

Sunan bai fito ba.

Bilkisu ta ƙwanƙwasa ta ce in ba mu tashi yanzu ba, cunkoson hanya zai sa jirgi ya bar ni.

To masu tambaya ko na isar da saƙo, na isar, hannu da hannu, na je kabarin Malam na gaya masa. Likita yakan kira ni duk Juma'a, mu gaisa, ya tambayi ƙafata, in tambayi yara. Kafin ya ajiye sai ya yi ɗan shiru, ni ma in yi. Na san abin da yake jira. Malama Rabi ta ce in faɗa mata sunan ta rubuta a nan, ko ya karanta. Na ce ta ajiye biron, ba a rubuce yake so ba.